Hattara da "silikin Dubai" da ake tallatawa a zangunan Kumasi

Iyayenmu mata da 'yan uwa na Aboabo, Asawase da Alabar, a yi hattara. Wasu masu talla sun cika TikTok da WhatsApp da hotunan yadi mai sheƙi, mayafai da abaya, suna rantsuwa siliki ne zalla daga Dubai. Masu fitar da ankon biki suka fi farauta, don su ne ke ɗaukar yadi da yawa lokaci guda. Ba shago, ba rumfa a Kejetia. Sai kin tura kuɗi ta MoMo sannan mai babur ya kawo kaya a leda, ya juya.

Abin da ke cikin ledar nan yadi ne da ake kira biskos. Daga itace ake yin sa: a niƙa icen bishiya irin su turare ko gora, a jiƙa da sodar da ake haɗa sabulu da ita, a ƙara sinadarin carbon disulfide har ya zama ruwa mai kauri, sannan a matso shi ta ƙananan huda cikin asid irin na ruwan batir, ya daskare ya zama zare. Tun 1892 aka yi rajistar wannan dabara a Ingila, kuma an daɗe ana kiransa silikin roba, wato na kwaikwayo. Wanda suke ce wa "silikin gora" ma shi ne.

Ni ban ga laifin yadin ba. Yana da laushi, yana shan gumi, ga sanyi a jiki, ya dace da zafin garin nan. Zaluncin shi ne a karɓi kuɗin siliki a kansa. Kuma wankin farko ke tona asiri, domin biskos in ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake yi sosai. A cuɗa shi a matse, sai rigar ta tsuke, ɗinki ya buɗe a hammata, Hajiya ta tafi ta sauke wa tela kwandon faɗa alhali ba ruwansa.

Kafin ki biya, ki ce sai an kawo ƙyalle. Zare 'yan sili ki kusantar da ashana. Siliki na gaske a hankali yake ci, yana ƙaurin gashi, ya bar ɗan dunƙulen baƙi da ke murmushewa a yatsa. Biskos kuwa ɓal yake kamawa, ƙaurin takarda, toka 'yar kaɗan. In ya narke ya yi tauri, foliyesta ce. Idan da sunan auduga aka sayar miki, wuta ba za ta raba gardama ba, sai ruwa: jiƙa zaren ki ja, na auduga ƙara ƙarfi yake, na biskos tsinkewa.

Mai tallar da ta ce ba ta yankan ƙyalle, ki bar mata kayanta. Wadda ta riga ta saya kuma, ta adana saƙon MoMo da hotunan tallar don kai ƙara wajen 'yan sanda, ta wanke yadin da hannu a ruwan sanyi, kada ta murɗe shi, ta shanya a inuwa.