Kamarar infiraruj a ranar Damagaram, sharhina bayan na zaga da ita tsohon manej, wurin wasan yara

Jama'a masu tambayata a kan hotunan nan da itatuwa suka fito fari fat kamar an watsa musu garin rogo, sama kuma ta yi baƙi ƙirin da tsakar rana, to ga amsa gaba ɗaya don na gaji da amsa wa ɗaya-ɗaya. Ba filtir na waya ba ne, kamara ce ta infiraruj, ko infirared, wato tsohuwar kamara ta hannu da aka yi wa tiyata. Idon ɗan Adam iyakarsa haske daga wajen nanomita (ma'aunin tsawon igiyar haske) 400 zuwa 700, daga nan ya tsaya, amma kaptar ɗin da ke cikin kamara, wato abin da ke kama hasken ya mai da shi hoto, yana gani har wajen 1100, shi ya sa kamfanoni ke manna wani siririn gilashi a gabansa don ya tare wannan ƙarin hasken, wato infiraruj, kar ya ɓata kala. Tiyatar ita ce a cire wannan gilashin a sa wani da ke yin akasin haka, ya tare wanda muke gani ya bar wanda ba mu gani. Tawa gilashi mai barin haske daga nanomita 720 zuwa sama aka sa mata.

Da farko filtir na ɗaurawa a bakin objektif, wato idon kamara na gaba, na saya, mai arha, ko suna babu a jikinsa. Kar ku wahalar da kanku da shi wallahi. Tunda gilashin ciki yana nan yana tarewa, na waje ma yana tarewa, hasken da ke isa kaptar ɗan mitsitsi ne, sai ka kafa tirefiye, abin ɗora kamara mai ƙafa uku, ka bar kamara a buɗe daƙiƙoƙi da yawa da rana tsaka, ka leƙa ba ka ganin komai sai duhu, iska ta kaɗa ganye hoto ya zama kunu, yara kuma sun zagaye ka ɗaya ya taɓa ƙafar tirefiye shi ke nan a sake. Da na ba wani ɗan uwa da ke karatu a waje ya kai aka yi mata aikin gaske, sai abin ya zama kamar kowace kamara, ka riƙe a hannu ka danna. Kuɗin aikin ya kusa kamo kuɗin kamarar kanta, wannan kam ya yi zafi, kuma in an yi an yi, ba ta ƙara ɗaukar hoton biki ko suna sai an sake buɗe ta.

Abin da ya ja ni ciki hotunan wuraren wasan da aka yi watsi da su ne a ƙasashen waje. Wanda ya fi suna shi ne na Pripyat a Yukiren, da aka shirya buɗe shi ranar 1 ga Mayu 1986, sai tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe ranar 26 ga Afirilu, washegari aka kwashe mutanen garin kaf, babban lilon nan mai juyawa na mita 26 har yau yana tsaye daji ya zagaye shi. Akwai Spreepark a Balin da aka buɗe a 1969 zamanin Jamus ta Gabas ya mutu a farkon shekarun 2000, akwai Six Flags na New Orleans a Amurka da guguwar Katrina ta nutsar a 2005 ba a sake buɗewa ba, da Nara Dreamland na Japan, 1961 zuwa 2006, shi har an rushe shi. Na daɗe ina kallon hotunansu na infiraruj kafin in gane abin da ke sa su kyau. Ƙarfen ba shi ne ba. Dajin da ya cinye ƙarfen ne. Ɗanyen ganye yana shanye ja da shuɗi na hasken da muke gani amma infiraruj ɗin mayar da kaso mai yawa daga cikinsa yake, sai ya fito fari, ƙarfe mai tsatsa kuma ya zauna baƙi-baƙi a tsakiya, wannan bambancin na fari da baƙi shi ne duk sirrin. Kuma ba sabon abu ba ne, wani masani ɗan Amurka Robert Wood ya wallafa irin waɗannan hotuna tun 1910, shi kansa hasken tun 1800 William Herschel ya gano shi da ma'aunin zafi.

To mu nan ba mu da Pripyat, Allah ma ya kiyaye. Abin da na samu wani tsohon ƙaramin manej ne a gefen gari da a da ake kai yara lokacin salla, yanzu an rufe, katanga ta faɗi gefe ɗaya, awaki ke kiwo ciki. Ba zan faɗi unguwar ba don ƴan jari-bola ma suna karatu. Akwai wani dattijo da ke gadi, na gaida shi na ce Baba hoto nake so in ɗauka, ya dube ni ya dubi rana, lokacin wajen sha biyu da rabi ne, ya ce ɗana lafiyarka kuwa, masu hoto da na sani da la'asar suke zuwa. Na ce Baba wannan ita rana take ci. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, amma ka kula da ƙarƙashin dandamalin can, macizai sun san shi.

Kuma gaskiya na faɗa masa. Wannan shi ne abu na farko da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba. Duk mai ɗaukar hoto a garin nan ya san daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku ba a aiki, haske ya yi tsauri, inuwa a ƙarƙashin ido, kala ta ƙone. Ita kuwa lokacin ne take farkawa, rana na tsakiyar ka sama ta wanke babu ƙura, sai ka ga sama ta yi duhu girgije ya fito ɓaro-ɓaro, abin da muke da shi har ya yi mana yawa shi ne abincinta.

Hoton da na fi so na dokin manej ne. Ƙaramin doki na roba mai tauri, kunne ɗaya ya karye, sandar ƙarfen da ta ratsa bayansa ta yi tsatsa har tana ɓarewa, fentinsa ja da rawaya ne in ka gan shi da ido, ya kwaile amma da saura. A kamara ja da rawayan duk suka ɓace, dokin ya fito fari-fari sumul, sai tsagar da ke wuyansa da layin da ruwan tsatsa ya bi ya gangara ƙirjinsa suka fito baƙi, abin da ido bai ma kula da shi ba. Ta tsakanin katakon dandamali tumfafiya ta tsiro ta kai tsayin sirdi, faffaɗan ganyenta ya yi wani irin haske, har jijiyoyin ganyen kana ƙirgawa, a baya kuma dogonyaro ya yi rumfa fari tas a kan baƙar sama. Na nuna wa Baba a bayan kamara, ya daɗe yana kallo ya ce ikon Allah, wannan ai ƙanƙara ce ta zuba a Zinder, ya kira wani mai shayi ya zo ya gani.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar, kuma duk mai son saye a yankinmu wannan ya kamata ya karanta in ma bai karanta sauran ba. Kamarar nan kore take nema, mu kuma korenmu na haya ne. Da damina, musamman Agusta zuwa Satumba da ciyawa ta rufe ko'ina, manej ɗin nan sai ka rantse a Turai yake, lilo da sarƙarsa a tsaye cikin farin fili, yaɗiya ta nannaɗe ƙarfe. Na koma wurin da rani, wuri ɗaya, kusurwa ɗaya, hoton ya fito salam babu gishiri. Dalili rairayi ma yana mayar da wannan hasken sosai, busasshiyar ciyawa ma haka, sai ƙasa da ciyawa da katanga duk su haɗu a toka-toka ɗaya, babu abin da ya fita daban. Lokacin hunturu kuma ya fi muni, ana cewa infiraruj na huda hazo, e yana huda siririn hazo na nesa, amma ƙurar buji tamu mai kauri ba ya iya mata, sama ba ta yin baƙi, fara take zama, rabin kyan hoton ya tafi kenan.

Abin da ya cece ni da rani itatuwa uku ne. Dogonyaro da ba ya rabuwa da ganye, tumfafiya da ita dama kufai take so, sai gawo. Gawo kam sai a yi masa kirari, shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar lokacin da kowa ya bushe, to in ka bi hanyar Matamaye ko Magarya a watan Janairu ranar da ƙura ta lafa, gonaki fayau an girbe, gawo kawai ke tsaye jere-jere fari, ban taɓa ganin irin wannan a hotunan Turawan ba don ba su da shi. Kukokin Mirya kuma akasin haka, da rani tsirara suke sai rassa, sai damina ake zuwa musu. Na gwada ta cikin Birni ma, gidajen ƙasa masu zane, nan kam ban ji daɗinta ba, jar ƙasar nan da kalolin zanen su ne kyan wurin ita kuma kashe su take, gara kamara ta yau da kullum. Duwatsun gari dai suna fitowa da kyau in akwai girgije a bayansu.

Matsalolinta na aiki suna da ɗan yawa. Wani objektif ɗin yana yin wani farin tabo zagayayye a tsakiyar hoto, nawa na zum haka yake, in na matse ƙofar haskensa zuwa f/11 ko f/16 tabon sai ya fito sosai, a f/5.6 ya ragu, ƙaramin tsohon objektif mai milimita 50 da nake rainawa shi ne ya fito tsaf. Saiti ma sai a hankali, infiraruj ba ya haɗuwa daidai inda hasken ido ke haɗuwa, shi ya sa tsofaffin objektif ke da ɗan jan ɗigo a jiki, ni dai ta allon baya nake saitawa, allon kuma da ranar nan ba ka ganin komai sai ka lulluɓe kai da rawani kamar mai hoton zamanin da, batiri na zuba, kamara ta yi zafi a watan Afirilu da ake haura digiri 40 har ka ji tsoron riƙe ta. Ƙura kuma kar ka kuskura ka canza objektif a fili. Hoto yana fitowa jajir daga kamara in ba ka daidaita fari a kan ɗanyen ganye ba, kuma dole RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta gyara ba, dole zama gaban kwamfuta, in kana son sama ta koma shuɗiya sai ka musanya ja da shuɗi, ni da manhajar gyaran hoto GIMP nake yi tunda kyauta ne. In kuran ya tafi aiki ya tsaya. Masu son kala da yawa 590 suke sawa, masu son baƙi da fari zalla 850, 720 tsaka-tsaki ce kuma ga mai farawa ita zan ce.

Hoton mutane kuwa a yi hattara. Fata na yin sumul, kurajen fuska su ɓace, amma ido ya yi baƙi wuluk, wani jijiyoyin hannunsa su fito, wata baƙar shadda ta koma fara. Ƙanwata na ɗauka ta ce yaya goge shi yanzun nan kafin in haɗa ka da Inna.

Sai maganganun gari. Wani ya ce tana ganin aljanu, shi ya sa nake zuwa kufai da tsakar rana, wani ya ce tana ganin cikin tufafi. Na biyun yana da tushe kaɗan, a 1998 an yi surutu a kan wasu kamarorin bidiyo na Sony masu ganin dare har kamfanin ya canza musu tsari, saboda wasu siraran yadudduka haske na ratsa su, shi ya sa ni ban ɗaga ta wajen mata ko cikin kasuwa, a kan ƙarfe da itace na tsaya. Kuma ba ta ganin zafin jiki, waccan wata na'ura ce daban mai tsada, wannan in babu rana ko fitila makauniya ce. Mai son gwaji ya ɗauki telekomand na tele ya danna a gaban kamarar waya, a wayoyi da yawa za ka ga ɗan haske na ƙyaftawa wanda ido bai gani, to shi ne.

Shiga irin waɗannan wurare kuma a nemi izini, mai gadi ko mai unguwa, a ba da na goro, a sa rufaffen takalmi saboda ƙusa da kunama da ƙarangiya, kar a hau lilon don ƙarfen ya ci ya ƙoshi da tsatsa, kuma halin da ake ciki na tsaro kowa ya sani, ka tabbata bayanka ko gabanka babu bariki ko wani ginin hukuma kafin ka ɗaga kamara.

Wanda kamara ɗaya gare shi kuma da ita yake cin abinci a biki da suna, kar ya taɓa ta. Wanda ke da tsohuwa ajiye a kwali tana shan ƙura, kuma yana da haƙurin jiran damina da haƙurin zama gaban kwamfuta, ya yi, ba zai yi nadama ba. In za a aika a yi aikin, a haɗa da objektif ɗin da za a riƙa amfani da shi don su daidaita saitin a kansa, kuma a tambaya tun kafin a biya ko yana cikin masu farin tabon nan.