Sharhi kan na'urar gwajin numfashi da ake ɗaura wa mota a jihar Mishigan

A jihar Mishigan ta Amurka, direban da aka kama da barasa a jini har kashi 0.17 cikin ɗari ko fiye ba ya samun lasisin tuƙi mai iyaka (wanda ake bayarwa da sharuɗɗa bayan an dakatar da cikakken lasisi) sai ya ɗaura wa motarsa wannan na'ura. Aikinta a fili yake: sai direba ya hura iska a bakinta, idan ta ga barasa ta kai kashi 0.025 cikin ɗari ko sama da haka, inji ba zai tashi ba. Ta wannan fuska ta cika alƙawarinta, kuma kyamarar da ke tare da ita tana hana wani ya hura a madadinsa.

Inda take gajiyarwa shi ne gwajin da take nema ana cikin tafiya, da kuma yadda maganin kurkure baki mai sinadarin barasa kan sa ta ƙi tayar da mota da sassafe. Kuɗin ɗaurawa da hayar wata-wata duk a wuyan direba suke.

Tun Fabrairun 2022, dokar jihar ta ba wanda aka samu da laifin tuƙi cikin maye a karon farko damar neman alƙali ya goge masa hukuncin bayan shekara 5, amma laifin yana nan a kundin tuƙinsa.