Wane bututu za ka sa a gurbin na dalma?

Tun 1915 aka buɗe gidan ruwa na Iju a Legas, don haka wanda ya sayi tsohon gida a Ebute Metta ko Yaba, ko ya gaji na kakansa a Agege, kada ya ɗauka bututun da ke binne na jiya ne. Nemo inda ruwa ke shigowa gidan ka kankare bututun da makulli. In ka ji laushi, wurin ya yi ƙyalli kamar azurfa, mayen ƙarfe kuma ya ƙi kama shi, to dalma ce. In ya kama, ƙarfe ne, amma shi ma in ya tsufa tsatsarsa kan riƙe dalma.

Mu ba sai an yi mana dogon bayani kan haɗarin dalma ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a Zamfara; can daga haƙar zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma tafasa ruwa ba ya fitar da ita.

A kasuwar kayan gini ta Orile za a fara miƙo maka bututun roba na PVC don ya fi araha. Da gam ake haɗa shi, rana kuma tana gasa shi har ya tsage. Ni dai na bar wa ruwan wanka da na bayi. Tagulla na da ƙarko, sai dai tsada, ga 'yan gwangwan, ga likin da ake yi wani lokaci da dalmar da kake gudu.

Cikin gida PPR nake so, koren nan da ake narka bakinsa da injin zafi a manne. Amma ka tsaya a kan mai gyaran famfo: in ya wuce kima wajen narkawa, ramin ya tsuke, ruwa ya koma ɗigo. Daga titi zuwa gida kuwa HDPE, baƙin da ake sayarwa a naɗe. Yana tafiya mai nisa ba haɗi, kuma a garin da bututu ke ratsa kwata, kowane haɗi ƙofa ce ga ƙazanta.

Kada ka canja rabi ka bar rabi, domin yanka tsohon bututu yana tayar da dalmar da ta kwanta. Sashen da ke manne da babban layi sai ka yi magana da Hukumar Ruwa ta Legas kafin a haƙa. In an gama, buɗe kowane famfo ruwan ya zuba sosai kafin a ɗiba wa yara.