Ciro da mayarwa, ko ciro ba mayarwa

Wani ɗan'uwa a rukuninmu ya tambaya: a darasin yiwuwa, me ya sa wata tambayar ke cewa an mayar da ƙwallo cikin jaka, wata kuma ta ce ba a mayar ba, alhali jakar ɗaya ce? To ɗan'uwa, a kan wannan 'yar maganar amsa take sauyawa, kuma ina jin takaicin yadda ɗalibai ke zubar da maki a nan.

Ga jaka mai ƙwallaye 5, jajaye 3, farare 2. Kana neman ja sau biyu a jere. In ka mayar da na farko ka girgiza, jakar ta koma yadda take. Lissafin shi ne 3/5 sau 3/5, wato 9/25, kashi 36 cikin ɗari. In kuwa ka ajiye shi gefe, hannunka zai tarar da ƙwallaye 4, jajaye 2 kacal. Sai ya zama 3/5 sau 2/4, kashi 30 cikin ɗari. Da mayarwa, ciro na biyu ba ruwansa da na farko. Ba mayarwa, abin da ya fita shi ke yanke abin da ya rage.

Bambancin ya fi fitowa in ka ciro sau 5. Ba mayarwa, ka kwashe jakar kaf, kullum jajaye 3 za ka samu, ko sau dubu ka maimaita. Da mayarwa kuwa, kana iya cin karo da ja sau 5 a jere, yiwuwar hakan ta kusa kashi 8 cikin ɗari. Ka ga samfurin (wato abin da aka ciro daga jaka) da ba a mayarwa bai cika yin nisa da gaskiyar jakar ba. Wannan ne dalilin wani gyara da ake yi a lissafin kuskuren samfur, wato tazararsa da gaskiya: ana ninka shi da √((N − n)/(N − 1)), inda N yake yawan jama'a (a nan, ƙwallayen jaka duka), n kuma yawan samfur. Sa 5 da 5 ka gani, sifili ne, wato babu kuskure.

Yanzu ƙara girman jakar: jajaye 3,000, farare 2,000. Ba mayarwa, 3000/5000 sau 2999/4999 ya ba da 0.35995, da mayarwa 0.36. Kusan babu tazara. Masu ƙidayar jin ra'ayi ba sa tambayar mutum ɗaya sau biyu, amma suna aiki da lissafin mayarwa, muddin samfurin bai wuce kashi 10 cikin ɗari na jama'ar ba.

Ni dai shawarata, bayan kowane ciro ka rubuta abin da ya rage a jaka kafin ka ninka. Gwada da farare biyu a ƙaramar jakar: da mayarwa ya kamata ka samu 4/25, ba mayarwa 1/10.