Garejin da ya gano min kukan ƙafar Hilux a Apo bayan na ɗaura coilover

Duk mai Hilux ko Tacoma da ya canza shok ɗin gaba ya sa coilover na kasuwa, wato shok da ke zuwa haɗe da sifirinsa naɗe a jiki, sai motar ta fara masa kiii-kiii a kan kowane ɗan tudu, ina ba shi shawara kafin ya ce shok ɗin jabu ne ya fara neman bakaniken da ya iya sauraren mota tukun. Ni na samu nawa a Apo Mechanic Village da ke Abuja, ta can ciki layin masu aikin ƙafa, kuma wallahi na ji daɗin aikinsu sosai shi ya sa na ce bari in rubuta, duk da akwai abubuwan da ban so ba a wajen kuma zan faɗe su.

Motata Hilux ce irin wadda aka fara fitarwa daga 2005, masu sifirin naɗe a jikin shok a gaba, baya kuma sifirin mai falle-falle. Ina yawan shiga gona ta wajen Kuje kuma duk wanda ya san hanyoyin can da damina ya san mota mai ƙasa-ƙasa wahala kawai take sha, to sai na sayi coilover mai ɗaga gaba kamar inci 2, na haɗa da ofa am, wato hannun ƙarfen sama da ke riƙe tayar gaba, sabo na kasuwa tunda in ka ɗaga mota na kamfani ba ya ba da alaimen yadda ake so. Wani gareji kusa da unguwarmu suka ɗaura min. Motar ta tashi ta yi kyau, gargada ta ragu, amma ba a jima ba kuka ya fara, da safe in zan fita daga get kiii, in na hau bamp kiii, ko mutum ya jingina da bonet sai ta amsa, kamar tsohon gadon ƙarfe. Na koma wajensu suka fesa man gwangwanin nan WD-40 ko'ina ta yi shiru na ɗan lokaci ta dawo, daga nan suka ce ai shok ɗin ne ba shi da kyau in sayo wani. Kayan da ba a arha aka same su ba, a wannan tsadar dalar.

Abin da ya fara burge ni a Apo shi ne ogan bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi min tambayoyi. Alhaji ƙarar siririya ce ko bugu ne gaf-gaf? Ta fi yawa da safe ko in mota ta yi zafi? In ruwan sama ya jiƙa ta tana raguwa? A kan miƙaƙƙen titi ko sai in taya ɗaya ta hau tudu? Na ce masa siririya ce kuma in aka yi ruwa takan lafa. Ya ce to Alhaji ka kwantar da hankalinka, abu ne ke gogar abu a bushe, bugu shi ne na noti da ya saki ko boljoyin da ya mutu. Ya leƙa jikin shok ɗin duka biyu babu yoyon mai ko ɗigo, ya ce shok ɗin da ya lalace yawanci mai yake zubarwa ko mota ta dinga lilo, ɗan shuuu da kake ji in ya matsu wannan man ciki ne ke wucewa, lafiyarsa ƙalau.

Sai ya sa aka ajiye motar a ƙasa kan tayoyinta a kan rami, ba a kan jak ba, ya ce in ka ɗaga mota ka cire mata nauyi ai ka kashe ƙarar da kake nema. Yara biyu suka kama gaban suna danna ta suna saki, shi kuma yana ƙasa da doguwar sukuddireba, ya ɗora bakinta a kan ƙarfe ya kanga ƙotar a kunnensa, ya bi waje ɗaya bayan ɗaya, saman shok, ƙasan shok, lowa am wato hannun ƙasa, ofa am, bushin stabilaiza wato robar da ke riƙe sandar da ke hana mota karkata a kwana. Wani wajen ma tafin hannu kawai yake ɗorawa ya ce yana jin karkarwar a hannu kafin kunne ya ji. Daga nan ya ce a kawo masa ruwa a gorar roba mai hudajjen murfi. Na ɗauka wasa ne. Ya tsiyaya a bushin stabilaiza kaɗai aka girgiza, kuka na nan. Ya kwance linkej ɗin stabilaiza gaba ɗaya aka sake girgizawa, yana nan, ya ce to wannan ta fita daga zargi. Ya tsiyaya a bushin ofa am na ɓangaren direba, nan take rabin ƙarar ya ɗauke. Ya ce dalilin da ya sa ba ya fesa mai ko'ina a lokaci ɗaya kenan, in ta yi shiru ba ka san wanda ya yi shirun ba, ruwa kuma zai bushe ƙarar ta dawo ka tabbatar.

Ashe bushin da ke cikin sabon ofa am ɗin ba baƙar roba irin ta kamfani ba ce, poliyuretan ne, mai tauri. Na kamfani robar manne take da ƙarfen ciki, murɗawa take yi ta dawo, ba ta buƙatar giris. Shi kuwa poliyuretan juyawa yake a kan ƙarfen, in babu giris dole ya yi kuka, ga ƙurar hunturu ta Abuja da jan ƙasar hanyar gona suna shiga. Akwai kan nonon giris a jiki, wato ɗan bakin da ake buga giris ta ciki, amma da ya zare ya nuna min ciki a bushe yake ƙamas, har ƙarfen ya fara sheƙi. Ya wanke, ya shafa giris mai silikon mai danƙo, ya kuma nuna min cewa in za a buga giris ta nonon sai an ɗan sassauta dogon notin tukun don ya samu hanyar ratsawa, in ba haka ba bushin ne zai kumburo waje.

Sauran ƙarar kuma daga ƙasan shok take, kuma nan ne na fi ƙaruwa. Ya ce waɗanda suka ɗaura sun ƙulle notin ƙasan shok da na lowa am lokacin da motar ke sama tayoyi na reto. Da aka sauke ta nauyi ya hau, robar bushin ta murɗe ta zauna a murɗe ko mota na tsaye, to in ka hau tudu sai ta ƙara murɗewa fiye da ƙarfinta, ta yi kuka, in aka bar ta haka ta yage da wuri. Gyaran bai ci ko kayan naira ɗaya ba, ya sassauta notunan, aka girgiza motar ta zauna daidai, ya ɗaure su tana kan tayoyinta, kuma da sifana mai auna ƙarfin ɗauri ya ɗaure har ta yi ƙas, ba irin a sa bututu a hau da ƙafa ba.

Ya duba wasu wuraren ma da ba su da laifi a tawa amma ya ce yana yawan gani. Coilover ya fi na kamfani kauri, to wani lokacin sandar stabilaiza na gogar sifirin, za ka ga inda fenti ya goge yana ƙyalli, maganinsa a matsar da sandar gaba da ɗan biraket. Wani kuma an manta da robar da sifirin ke zama a kai ko bakin sifirin bai zauna a gurbinsa ba. Masu tsada irin Fox da King da Icon yawanci ƙwallon ƙarfe ne a idon shok ɗin, inda noti ke shiga, maimakon roba, su kuma busasshen feshi mai teflon suke so, in ka shafa musu giris ƙura ce za ta manne ta cinye su. Ya ja min kunne kan baƙin mai da masu wanki da wasu yaran gareji ke watsawa a ƙarƙashin mota, yana kashe ƙara na kwana biyu amma yana ruɓar da baƙar roba. Ya kuma ce ko da wasa kar in bari wani ya kwance notin tsakiya na saman coilover ba tare da matse sifirin da abin matsewa ba, sifirin ɗin a danne yake, in ya ɓalle yana iya kashe mutum.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Wajen ba wurin zama, benci ɗaya ne kuma rana na dukansa, ga cunkoson Apo da kowa ya sani, shiga da babbar mota layin nan sai da addu'a, tun daga bakin hanya 'yan kamasho sun tare ka kowa na cewa Alhaji me ake nema. Ogan ba ya ɗaga waya in yana ƙarƙashin mota, kuma in ba ya nan gaskiya ban yarda in bar wa yaran irin wannan aikin ba, suna da ladabi amma suna da sauri, ɗaya har ya ɗauko gwangwanin feshi kafin ogan ya daka masa tsawa. Ba su da injin alaimen, tunda an taɓa notin lowa am dole na je wani wajen na yi, ƙarin kuɗi da ƙarin jira. Rasit ma sai da na tambaya.

Kuɗin aiki kuwa bai kai abin da nake cika tanki da shi ba, giris ɗin ni na saya a shagon da ya tura ni, bai ce in canza ko ƙusa ɗaya ba alhali da ya ce in sayo sabon bushin ko boljoyin da sayowa zan yi. Bayan aikin ya shiga motar muka zaga ta hanyar burji ya sa na hau tudu da taya ɗaya a hankali, gilas a sauke rediyo a kashe, babu kuka. Na sha zuwa Kuje da kaya a baya tun daga lokacin, har yanzu lafiya, sai dai ya gaya min poliyuretan ba a gamawa da shi, duk bayan damina ko in an wanke ƙasan mota da injin feshi sai an sake buga masa giris. In za ka je ka je da sassafe ranar aiki ba Asabar ba, kar ka wanke ƙasan motar kuma kar ka fesa komai kafin ka je don ƙarar ta fito, in kana da kwalin coilover ɗin da takardar ciki ka riƙo, ya tambaye ni ita don ya ga ƙarfin ɗaurin da kamfanin ya rubuta.