Shagon kifin ado na wajen Ƙofar Ƙaura ya cancanci a kai yara

Akwai wani shago a wajen Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina, da ake sayar da kifin ado da tankunan gilashi, kuma ina ba duk mai yara shawarar ya kai su, ko da ba zai sayi komai ba. Ni malamar kimiyya ce a firamare. Na daɗe ina zana ƙege da wutsiyar kifi a allo ga yaran da galibinsu ba su taɓa ganin kifi mai rai yana iyo ba, sai soyayye a faranti ko busasshe a Kasuwar Tsakiya. Teku ta yi mana nisa, daga nan zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Manyan gidajen kallon kifi irin na Dubai Mall da aka buɗe a 2008, mai tankin da ke ɗaukar lita miliyan 10, ko na Fakieh da ke bakin teku a Jidda, sai dai labari daga bakin fatake da masu Umara. Wannan shago ɗaki ɗaya ne da baranda, amma shi muke da shi, kuma mai shi ya san aikinsa.

Da shigarka za ka tarar da tankuna jere a bango biyu. Na gaba-gaba kifayen waje ne. Akwai golfish, jajaye masu ruwan zinariya, waɗanda asalinsu daga Sin ne, inda aka shafe sama da shekara 1,000 ana kiwonsu don ado. Akwai gupi, ƙanana masu wutsiya kala-kala, 'yan asalin Kudancin Amurka, waɗanda ba sa yin ƙwai a waje, 'ya'ya suke haifa rayayyu. Ɗiyata ta yi sa'a ta ga jariran suna ɓuya cikin ciyawa, ta ƙi matsawa daga wurin. Sai beta na ƙasar Tailan, kowane namiji shi kaɗai a mazubinsa, don in aka haɗa maza biyu faɗa za su yi har ɗaya ya jikkata.

Amma inda na fi daɗewa shi ne babban tankin da ke can ƙurya, wanda mai shagon ya ce ba na sayarwa ba ne. Kifayen gida ne zalla a ciki, irin waɗanda masunta ke kamawa a madatsun ruwanmu kamar Zoɓe ta Dutsin-Ma da Jibiya da Ajiwa, da wasu da aka kawo masa daga manyan koguna. Karfasa na nan, wadda kowa ya sani a tukunya, amma a nan na ga uwa ta tara 'ya'yanta cikin baki da aka taɓa gilashi, ta kuma feso su da hankalinta ya kwanta. Kurungu na nan, irin wanda ke iyo a rigingine, ciki sama, yana tsintar abinci a saman ruwa. A wani tanki na gefe akwai minjirya ita kaɗai, mai jan mutum kamar wutar lantarki, an rubuta gargaɗi a jikin murfin cewa kada a sa hannu. Sai gaiwa, doguwa, kwance shiru a ƙasa, lokaci-lokaci ta taso ta shaƙi iska da baki, domin huhu gare ta. In rani ya yi fadama ta ƙafe, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta zauna watanni tana jiran damina. Na sha faɗa wa ɗalibai wannan daga littafi. Ganin ta taso ta shaƙi iskar a gabana ya sa na yi tasbihi a bayyane. Ikon Allah da ke cikin tafkunanmu bai gaza na teku ba, kuma na ji daɗi ƙwarai da mai shagon ya ba kifayen gida tanki mafi girma.

Abin da ya sa na amince da shi kuwa, ƙin sayar mini da kifi da ya yi. Na zaɓi tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wanda ke cin kusan lita 54, na ce a haɗa mini da gupi goma mu tafi. Sai ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, yau dai tanki za ki tafi da shi. In na ba ki kifin nan yanzu, kafin sati ki dawo kina jin haushina." Ya zaunar da ni ya yi bayani. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, guba ce mai ƙona musu gaɓoɓin numfashi. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama cikin soson matacin ruwa su ke sarrafa ta ta koma abin da ba ya cutarwa sosai, kuma a sabon tanki suna ɗaukar sati huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Don a gajarta jiran, ya yanko mini guntun tsohon soso daga tankinsa kyauta, ya ce in sa a nawa. Da lokaci ya yi ma gupi huɗu ya fara ba ni, sauran daga baya. Har yau ban rasa ko ɗaya ba.

Ya kuma san yanayin garinmu, abin da bidiyoyin intanet ba za su koya maka ba. Ruwan famfo in an sa masa kulorin sai an bar shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana kafin a zuba. Kada a taɓa juye ruwan tanki gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu ake sauyawa duk sati, kuma ba a wanke soso da sabulu, da ruwan tankin ake ɗauraye shi. Gupi da beta sun fi son ɗumin digiri 24 zuwa 28, don haka a hunturun Disamba da Janairu, lokacin da dare ke yin sanyi ƙwarai, sai an sa hita. A zafin Afrilu da Mayu kuma matsalar ta juye: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, in aka ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, sai ka ga kifi sun taru a sama suna haki. Saboda haka ya matsa mini in sayi ƙaramin famfo mai batirin caji, kuma shi ne kuɗin da na fi cin moriyarsa a duk abin da na kashe. Ya tuna mini cewa lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankina da tsakuwarsa ya haura kilo 60, don haka teburin roba ba zai ɗauka ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. A baranda ana sayar da golfish cikin 'yan ƙananan kwalabe masu zagaye, ba mataci, ba iska. Golfish yana iya rayuwa sama da shekara 10, yana girma ya kai tsawon tafin hannu ko ya wuce, kuma yana ɓata ruwa da sauri. A kwalba irin wannan wahala kawai yake sha kafin ya mutu. Na ce masa, "Malam, kai da ka hana ni gaggawa, ya za ka bar wannan?" Ya ce masu saye ne ke nema don kyautar yara. Ban gamsu ba, domin rai ne, kuma duk wanda ya tsare dabba za a tambaye shi haƙƙinta. Sannan ba a rubuta farashi a jikin komai ba, sai ka tambaya, kuma abincin kifi da magunguna na waje ne, suna tashi tare da dala. Yaron shagon yana da ladabi, "sannu da zuwa, Hajiya" ba ya barin bakinsa, amma bai san amsar tambayoyi ba, don haka in maigidan ba ya nan gara ka dawo wani lokaci.

Kada ka je da niyyar ganin kifayen teku masu launin lemo da fari da yara suka sani a talabijin. Babu su. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ana haɗa shi da gishiri na musamman, yana kuma buƙatar wutar da ba ta yankewa, kuma mai shagon ya ce ba zai kawo abin da ya san ba zai iya raya shi ba.

Na nemi izinin kawo 'yan ajina, ya amince ba tare da ya karɓi ko sisi ba, da sharaɗin su riƙa shiga kaɗan-kaɗan, kuma kada a ƙwanƙwasa gilashi don ƙarar tana firgita kifi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi, sa'ar da yake ba su abinci, don a nan ne har kurungu ke fitowa daga maɓoyarsa. Ranar Juma'a yana rufewa kafin masallaci, sai bayan La'asar yake buɗewa.