Saba huɗu a akwati ɗaya: abin da na gani bayan wata takwas

Wata takwas ke nan da muka ɗaura wannan akwati mai tsayin 2U (U shi ne ma'aunin tsayin gurbi ɗaya a rak, wato kantar ƙarfen da ake jera na'urori a ciki) a cibiyar adana bayanan da nake aiki. Saba huɗu ne a ciki, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran na'urori hidima, kowace da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) biyu, sai dai fankoki da na'urorin ba da wuta na tarayya ne. Abin da ya ja hankalina ke nan tun farko. Da saba huɗu masu zaman kansu ne, da sun cinye 4U da na'urorin wuta takwas. Nan biyu sun wadatar, tarin wayoyin da ke bayan rak ma ya ragu.

Wajen cin wuta ba ni da ƙorafi. Na'urorin ba da wutar 'yan ajin 80 PLUS Titanium ne a ma'aunin tsimin wuta, wato a rabin nauyi kan volt 230, kashi 96 cikin ɗari na wutar na isa inda ake so, ɗan ragowar ne ke zama zafi.

Fankokin ne suka ba ni aiki. Sabar da ta fi zafi suke bi, ko da sauran ukun barci suke yi. Akwai daren da guda ɗaya kawai ke aiki mai nauyi, amma ƙarar ta kai sai na ɗaga murya kafin abokin aikina da ke gefena ya ji ni. Kuma ba kunne kaɗai ke wahala ba: fanka idan ta ninka gudunta, wutar da take ja kan ninka kusan sau takwas. Da na duba ma'aunin iskar da ke shiga, sai na ga ta haura digiri 27 a ma'aunin Celsius, iyakar da ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin dumama da sanyaya iska, ta ba da shawara. Na kai hannu saman akwatin, na ji ɗumi na busowa ta gaba. Ashe wani gurbin rak da muka bari a buɗe ne ke dawo da iskar baya mai zafi. Wannan kam sakacinmu ne. Muna toshe shi da marfi, ƙarar ta lafa.

Inda na ga an yi mana kwalliya da magana shi ne batun na'urorin wutar biyu, wai "idan ɗaya ta mutu ɗaya za ta riƙe". Kowace na'ura wat 2,200 take bayarwa, alhali sabobin huɗu in sun tashi haiƙan suna wuce haka. Na zare wayar na'urar wuta ɗaya da gangan don gwaji. Babu sabar da ta mutu, amma duk furosesocin suka rage gudu lokaci guda, aiki ya koma tafiyar hawainiya. Dole na shiga ta Redfish, hanyar sarrafa saba daga nesa, na sa wa kowace saba iyakar wutar da za ta ja, yadda jimillar ba za ta fi ƙarfin na'ura ɗaya ba.

Zan sake sayen irinsa don ayyukan da nauyinsu ya yi kusan daidai a kan sabobin huɗu. Aikin da nauyinsa ke tashi ya faɗi ba tsari kuwa, na riga na mayar da shi akwati nasa shi kaɗai.